Ranar da Kwamfuta ta Kira Sunan Mijin Hajiya

Mu shida ne a tsakar gidan ranar, in an haɗa da yaron. Akwai Malam Haruna mai gidan, dillalin kifi a kasuwar Yelwa. Akwai matarsa Hadiza, mai aikin jinya a asibiti. Akwai ƙanensa Bashir, da ke karatu a Birnin Kebbi ya zo hutu. Akwai mahaifiyarsu Hajiya Kulu, wadda ta taso daga Wara tun da safe. Akwai ɗan farinsu Abba, bai daɗe da shiga shekara ta huɗu ba. Sai ni Tumba, mai rainonsa, da mutanen gidan ke kira Gwaggo. Kwamfutar ban sa ta a lissafi ba, ko da yake ta fi kowa surutu a ranar.

Kafin in kai ga abin da ya faru, sai na fara da ku, 'yan matan da ke sallama a ƙofata kuna cewa, "Gwaggo, ki samo min gidan raino, na gaji da zaman banza." Wato a ganinku raino shi ne zaman banzan da ake biya. A ba ki yaro, ki shimfiɗa tabarma, ki jingina da bango kina latsa waya, in ya yi kuka ki girgiza ƙafa. To ku saurara.

A wata tunga ta bakin gulbi a ƙasar Shanga na koyi aikin nan, a hannun Ige matar kawuna. Mata na bakin banda tun safe suna juya kifi, hayaƙi ba ya barin a zauna da jariri, sai a tara yaran a gindin tsamiya a bar wa Ige. Ban gama famfara ba ta ɗora min kabewa a baya, ta ɗaure da zani, ta ja majanyi har sai da na ji shi a haƙarƙari. Ta ce in je in ɗebo ruwa, in yi shara, in durƙusa in gaida manya, in shiga ɗaki ta ƙaramar ƙofa. In kabewar ta zame ko ta ƙuje a jikin ƙyaure, to ba ni ba goyon ɗan mutum. Na fasa kabewa, na sha ranƙwashi, aka yi miya da ita, aka ɗora min wata. Sai da damina ta wuce aka ba ni jariri mai rai, shi ma Ige na biye da ni da ido.

Abin da ta fi nanata min shi ne shiru. Ta ce yaro mai kuka yana nan inda kika ajiye shi. Wanda ya yi shiru shi ne ya sami abin yi, kuma abin yin yaro a bakin gulbi kun san ko mene ne. Tun daga nan kunnena ya saba. Ina iya zama ana hira ana dariya, amma da zarar motsin yaro ya ɗauke, sai ku ga na miƙe kafin in san na miƙe.

Kayan aikina ba su cika kwando ba. Zanen goyo mai kauri, ba irin sulɓin nan da kuke yayi ba, da yaro zai zame kamar tarwaɗa. Majanyi na saƙa. Ƙoƙo da ƙaramin ludayi na kunu. Fo. Soso mai laushi, man kaɗe, da tsummokara masu yawa, don mai raino ba ta da abokin da ya fi tsumma. Sauran kayan a jikina suke: ido, kunne, da harshen ɗanɗano. Ba abin da ke shiga bakin yaron da nake riƙo sai ya bi ta nawa, ko kunu ne, ko maganin asibiti, ko alewar da baƙo ya miƙo.

Iyaye kuwa na gani iri-iri. Na yi aiki a gidan wata malamar makaranta da ke shinshina kan ɗanta in ta dawo, ta ji ko na yi masa wanka. Na yi a gidan wata da ba ta tambayar ko ya ci, sai dai ko ya ɓata mata kujera. Akwai wadda za ki shekara kina hana ɗanta zagi, ta dawo ya zage ta, ta ƙyalƙyale da dariya ta ce ya yi wayo. Duk na zauna da su. Yaro nake wa aiki, uwarsa biya kawai take yi.

Shekarar da ta fi ba ni wuya ba ta ambaliya ba ce, ba kuma ta ƙyanda ba, don a waɗannan neman mai raino ake yi ido rufe. Ita ce shekarar da waya mai gilashi ta yi araha har ta shiga kowane ɗaki. Matar da nake wa aiki lokacin ta kira ni, ta ce, "Gwaggo, kin ga yanzu in na ba shi waya yana zama wuri guda, ko motsi ba ya yi. Ƙanwata ta isa ta duba shi." Na dubi yaron, ya buɗe baki, miyau na zuba a kan gilashi, ƙuda na bakin idonsa bai kore ba. Na ce mata, "Wannan ba zama ba ne." Ta ce ai ni mutumiyar da ce. Gida na gaba ma haka, na gaba da shi ma haka. Na koma bakin kasuwa ina gyaran kifi, ana sallamata da kawunan kifi da 'yan canji. Ƙaya ta huda min yatsu, gishiri ya bi ya cinye, har hannun da ke shafa wa jarirai mai ya zama kamar bayan kada. A can Malam Haruna ya same ni, ya ce matarsa za ta koma aiki, suna neman babba.

Dalilin da ya sa sai babba, ga shi. Abba sunan kakansa ya ci, mahaifin Malam Haruna, wanda ya rasu kafin a haife shi. Sunan yanka Sa'idu ne. Ni ina iya faɗa, don ba mijina ba ne, ba surukina ba. Amma a gidan nan ba wanda bakinsa ke kama sunan. Uban da Bashir suna cewa Abba. Hajiya Kulu tana cewa mai gida, tunda sunan mijinta ne. Hadiza kuwa kunya biyu ta haɗu mata, ta ɗan fari da ta suruki, ko Abban ba ta faɗa, sai dai "yaron ga". A gaban Hajiya ba ta ɗaukarsa, ba ta dubansa, ko faɗuwa ya yi sai dai ta ƙara sunkuyar da kai a kan abin da take yi.

Tun lokacin yaye Hajiya ta so ta tafi da shi Wara ta riƙe, kamar yadda aka saba da ɗan fari, kuma ba mai cewa ba ta da gaskiya. Da ƙyar Malam Haruna ya bi ta hannun dattawa ta yarda ta bar shi, bisa sharaɗin a sa idon babba a gidan, kuma ranar da ta ga abin da bai yi mata ba, za ta ɗauki mijinta ta wuce. Hadiza ba ta da bakin cewa a'a. Ni ce idon. Kowa a gidan ya san zaman Abba a ɗakin uwarsa aro ne.

Ana nan Malam Haruna ya kai kifi kudu, ya sauka a gidan wani abokin cinikinsa, ya ga ɗan mutumin, sa'an Abba, yana latsa kwamfuta. Ya dawo da wannan a ransa kamar ƙaya a maƙogwaro. Ya ce ɗansa ba zai tashi yana warin banda ba alhali 'ya'yan wasu na can gaba. Ya sayo ta hannu, irin mai rufewa kamar an kifa faifai a kan kwano, ya ce Bashir ya koya wa yaro kafin hutu ya ƙare.

Darasin farko ina tsaye. Bashir ya ɗora Abba a kujerar manya, ƙafafunsa na lilo, ya gyara murya ya fara bayani, wannan sunansa kaza, wancan aikinsa kaza, kamar yana gaban aji. Abba ya dube shi, ya dubi abin, ya ɗaga hannu biyu ya yi ta kirɓa maɓallan kamar mai kiɗan ƙwarya. Kafin Bashir ya riƙe shi ya sa farce ya ɓantaro guda ya jefa a baki. Ni na sa yatsa na zaƙulo shi daga bayan harshe.

Bashir ya ce, "Gwaggo, yaron ga ba ya ji."

Na ce, "Kai da kake sa'ansa ji kake? Tashi ka ba ni wuri. Ni za ka koya wa, ni in koya masa."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Na bar shi ya gama. Ba don ina son akwatin ba na ce haka. Na riga na ga abin da gilashi ke yi wa yaro in an bar su su biyu, kuma tunda uban ya rantse sai an yi, gara a yi ina zaune.

Gaskiya ɗaya zan faɗa, Bashir yana da haƙurin koyarwa in babba ne a gabansa. Akwai ɗan abin nan mai wutsiya da ake turawa a kan tebur, kibiya na bin sa a gilashi, suna ce masa maus. Na tura shi ya kai bakin tebur, kibiyar ba ta kai inda nake so ba, sai na ci gaba da tura shi a kan cinyata. Bashir ya ce in ɗaga shi in mayar baya. Na ce in na mayar baya ai kibiyar ma za ta koma. Ya ce ba za ta koma ba in yana sama. Na ce to munafuki ne, yana aiki ne kawai in ana ganin ƙafarsa a ƙasa. Mun yi kwanaki a kan wannan. Hannun da ya yi shekaru yana tuƙa tuwo ba ya son a ce masa taɓa kaɗan. Amma na iya. Na iya kunna ta, na iya kashe ta, na gane hoton da ake taɓawa wasan yara ya fito, ba tare da na san ko harafi guda ba.

Sannan na sauko da ita daga tebur na ɗora a kan kujerar tsugunno, muka zauna a tabarma, Abba a cinyata. Yadda ake koya wa yaro cin tuwo haka na yi. Ba a ce masa ga yadda ake yanka loma. Hannunki kike ɗorawa a kan nasa, ku yanka tare, ku kai baki tare, kullum kina rage nauyin naki har ranar da zai ga shi kaɗai ya yi. Na naɗe masa sauran yatsu na bar manuni. Muka bi kibiya tare. A gilashin akwai dabbobi, ana so a kai kowace gidanta. Akwai wani kifi ja kamar an tsoma shi a manja, wanda tun da nake ban taɓa ganin irinsa a gulbi ba. Abba ya ce, "Gwaggo, ƙarfasa ce?" Na ce ba ƙarfasa ba ce. "Giwan ruwa?" Na ce kifin Turawa ne, ba a ci. Ya ce to me ya sa aka kama shi.

Na kafa dokokina. Ba kwamfuta sai an ci abinci an wanke hannu. Ba kwamfuta in ba ni kusa. In na kira shi daga baya bai amsa ba, in rufe ta, ko yana tsakiyar kai akuya gida. Ranar farko ya yi birgima har ƙofar zaure, ya cije ni a hannu. Uban ya ce a bar masa mana. Na ce, "Malam, ko dai ka bar min aikina ko ka karɓa." Bayan 'yan kwanaki, ko raɗa na yi sai ya ce na'am kafin in rufe baki. In ladan ya kira azahar, shi da kansa yake jawo zani ya lulluɓe ta, wai ta tafi barci. Doka ta ƙarshe kuwa ita ce ta kunu: duk wani sabon abu da za a sa a ciki, sai na zauna na gani daga farko har ƙarshe kafin yaro ya gani.

Dokar wanke hannu uban ne ya fara karya ta. Ya dawo daga kasuwa da bandar tarwaɗa, suka zauna shi da ɗansa suna ci suna latsawa. Kashegari na buɗe ta, sai ga kiyashi sun yi layi suna shiga ta tsakanin maɓallai suna fita ta gefe, kamar ranar kasuwa. Na ɗauke ta na shanya a rana a kan rufin kaji, yadda ake wa buhun gari. Bashir ya fito ya gani ya kama kai, ya ce zafi na kashe ta. Na ce kiyashin fa, gyara ta suke? Ya ɗauke ta da gudu yana hura mata iska. Ba ta mutu ba, kiyashin kuma sun watse. Har yau yana cewa sa'a aka yi, ni kuma ina cewa rana ce.

Da yaro ya fara kai dabbobi gidajensu shi kaɗai, sai Malam Haruna ya kasa riƙe abin a cikinsa. Ya aika wa Hajiya ta zo ta ga abin da mijinta ya iya. Na ce masa, "Malam, tsohuwa na zaune lafiya a garinta, mi ya kai ka tsokano ta?" Ya ce so yake ta gani da idonta cewa zaman Yelwa ya fi wa yaro amfani, ta cire rai da ɗaukarsa gaba ɗaya.

To mun dawo ranar da na fara da ita. Na yi wa Abba wanka, na shafe shi da mai, na sa masa 'yar shara. Ya zo ya durƙusa har ƙasa ya gaida Hajiya yadda na koya masa.

Ta ce, "Mai gida, ina kuɗin cefane? Ko 'yan matan birni sun cinye?"

Ya ce, "Babu."

Ta ce, "Miji ba kuɗi, ba gemu, ga fitsarin kwance. Ni dai na yi asarar aure."

Ya ce, "Na daina. Ke ce ba haƙori."

Kowa ya yi dariya, har Hadiza da ke bakin madafi ta juya baya kafaɗarta na rawa. Aka ci abinci. Abba ya je ya wanke hannu ba a ce masa ba, na ga Hajiya ta lura. Bashir ya kawo kwamfuta ya buɗe.

Sai na ga abin da ke gilashin ba wanda na sani ba ne. Ashe ina wa yaro wanka Bashir ya zuba wani sabon wasa, wai ya fi tsohon kyau, yana magana, yana so ya burge uwarsa. Na harare shi. Ya ce, "Gwaggo, iri ɗaya ne, wallahi." A gaban baƙuwa ba na iya rufe ta. Na zauna bayan yaron.

Abba ya sa yatsa guda, tsaf, ya ja agwagwa ya kai ta ruwa. Sai wata muryar mace ta fito daga akwatin, ta yi 'yar magana da Turanci cikin fara'a, ta ƙare da, "Sa'idu!"

Da hanci ta faɗe shi, kamar mai mura, amma ba wanda bai gane ba. Ludayin da ke hannun Hadiza ya bugi tukunya. Malam Haruna ya dubi ƙasa. Abba kuwa ya ji daɗin muryar, ya ja doki ya kai shi turke, matar ta sake kira. Ya ja kaza, ta sake.

Ya waiwayo ya ce, "Gwaggo, wane ne Sa'idu?"

Kafin in sami abin cewa, Bashir, da ya rikice, ya ce, "Kai ne mana, sunanka ne."

Shi ke nan. Yaro ya sami sabon abin wasa. Ya tashi yana tsalle a kan tabarma yana rera sunan, yana tafi, ya je gaban Hajiya ya faɗa mata a fuska ko ba ta ji ba. Na kamo shi na toshe masa baki. Akwatin kuma da ta ji an bar ta ba a taɓa ba, sai ta fara kira da kanta, tana jan sunan kamar mai neman ɗan da ta aika. Bashir ya daka tsalle ya kifa murfin.

Hajiya ba ta ɗaga murya ba. Ta gyara mayafi ta ce, "Na zauna da mutumin ga har Allah ya karɓi abinsa, bakina bai taɓa kama sunansa ba, ko a ɗaki mu biyu. Yau ga wata mace cikin akwati tana kiransa gatsal, a gidan ɗansa."

Bashir ya durƙusa. "Inna, rubutawa na yi. Ta nemi sunan yaro, na rubuta. Kullum ina rubuta shi a bayan nawa sunan a makaranta. Ban san za ta faɗi ba."

"Ba shi da sunan da ake kiransa da shi?"

"Na ɗauka na takarda take so."

Malam Haruna ya ce, "Inna, a yi haƙuri. Yanzu-yanzu za a cire."

Ta ce, "A cire daga akwati. Daga bakin yaro fa, wa ka cirewa?" Sai ta juyo kaina. "Tumba, ke na bar wa amana."

Na ce, "Hajiya, murhu na tsare, rijiya na tsare, wuƙa na tsare. Abin da anka zuba a cikin akwati ina bayan gida da soso a hannu, ban da idon ganinsa."

Ta ce, "To ni ina da gidan da babu akwati. A haɗa wa mai gida kayansa, gobe da safe mu wuce."

Malam Haruna, da ke iya tsayar da cinikin mota guda ta kifi da baki, ya zauna yana tsintar zare a jikin tabarma. Bashir ya rungume kwamfutar kamar za a ƙwace. Hadiza ta ɗauki tsintsiya ta shiga share wurin da ta riga ta share. Ni kuwa haushi ya cika ni har wuya, na rasa wanda zan fara da shi: uban da ya gayyato, ko ƙanen da ya tsallake dokata don a ce ya iya, ko matar cikin akwatin da ba a koya mata kunya ba. Wata da watanni ina gyara yaro, yatsa, gaisuwa, na'am, duk ya tafi a bakin agwagwa.

Bayan la'asar na sami Malam Haruna a zaure. Na ce ko zai sake bin dattawa. Ya ce wancan karon ba a yi mata laifi ba shi ya sa ta ji, wannan kuwa ko limamin Wara ya zo ba za ta sauko ba, kuma shi ba zai haɗa baki da uwarsa a kan ɗan da ya ci sunan ubansa ba. Ban ga laifinsa a nan ba. Laifinsa na baya ne.

Na shiga ɗaki ina ninke kayan yaron. Hadiza ta shigo da kwano kamar ta zo ɗaukar wani abu, ta tsaya tana goge shi da gefen zani. Tun da na zo gidan ba ta taɓa buɗe baki ta roƙi komai a kansa ba.

Ta ce, "Gwaggo, yaron ga ba ya cin tuwon dawa."

Na ce, "Na sani."

Ta ce, "Can kuma shi suke ci."

Ta fita da kwanonta.

A nan ne za ku gane bambancin mai raino da mai zaman jiran wata ya ƙare. Aikina a gidan ya ƙare daga wannan magana ta Hajiya, ba wanda zai ce na yi laifi in na ɗaure ƙunshina na koma ɗakina. Amma na ga yara da yawa da aka kai wa kakanni. Wanda aka kai shi kaɗai, da 'yar jakarsa, ya zama ɗan gida, sai dai uwarsa ta gan shi da salla. Wanda ya je da mai rainonsa kuwa baƙo ne, don ba a riƙon yaro da tsohuwarsa. Kuma Hajiya Kulu mace ce da ba ta son a taɓa mata muciya, ni ma haka. Na san irin zaman da za mu yi a madafi guda.

Da gari ya waye na yi salla, na yi wa Abba wanka, na dama masa kunun gyaɗa na ɗanɗana na ba shi. Na ɗaure zanen goyona da majanyi da ƙoƙo da fo a ƙunshi guda, na ƙulla garin masara a leda na cusa a tsakiya. Na sami Bashir a ƙofar ɗakinsa na ce, "Ka cire sunan ubanka daga bakin matar nan, ka sa Abba, ka kuma saurare ta daga farko har ƙarshe ka ji ko da sauran abin da ta sani. Ina dawowa zan duba."

Direban da ke ɗaukar wa Malam Haruna kifi ya kawo mota ƙofar gida. Hajiya ta shiga baya, aka miƙa mata yaron. Na zagaya ta ɗaya ƙofar, na buɗe, na ɗora ƙunshina a cinya na zauna.

Ta ce, "Ke kuma ina za ki?"

Na ce, "Inda yaro za shi."

"Ban gayyace ki ba."

"Raino ba biki ba ne, Hajiya."

Ta dube ni daga ɗankwali har silifa. Abba ya riga ya zame daga jikinta ya hau kan ƙunshina.

Ta ce, "Har yaushe?"

Na ce, "Har ranar da kika gaji da ni, ki ce mu koma."

Ta ja tsaki, ta juya fuska wajen taga, ta ce wa direba ya ja mota. Mun kusa fita gari ta yi magana, ba tare da ta waiwayo ba.

"In haka ne, ba mu kai tsayuwar wata."